Tsohon da Inna Take Tambayar Lafiyarsa

Yayana shi ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta aike ni wurinsa sai ta ce, "Kai wa wancan." In a gaban baƙi ne ta ce "yayansu." A ƙauyenmu, can arewa da Bici, wannan ba baƙon abu ba ne ga matan zamaninta. Uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta tambayar ko ya ci abinci. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta yi goyonsa, kuma ita take ƙwala masa kira har maƙwabta su ji.

Aikin jinya ya karanta. Ya daɗe yana aiki a wani asibiti a cikin Kano, daga baya ya sami aiki a ƙasar Ayilan, a wani gida da ake kula da tsofaffi. Lokacin mahaifinmu ya riga ya rasu. Ranar da zai tafi gidanmu ya cika, Goggo tana kuka tana fyace hanci da gefen mayafi, 'yan'uwa suna ta ɗora masa addu'a. Inna kuwa tana bakin rumbu da faifai a cinya, tana tsintar wake. Ya je ya durƙusa a gabanta. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya tsare hanya. A riƙe salla." Har ƙarar mota ta ɓace tana tsintar waken nan, wanda na san tun jiya aka gama tsince shi.

Ni ce auta. Ina koyarwa a wata firamare a Bici, a can nake aure, amma kusan duk Asabar ina hawa acaɓa in je gida. Ni ce mai babbar waya, saboda haka duk maganar Yaya ta hannuna take bi. Sabis ba ya kamawa sosai a gidan sai a gindin dalbejiyar da ke tsakar gida, nan muke shimfiɗa tabarma. In ya kira, Goggo ce take fara karɓa, ta ba shi labarin kowa har da na akuya. In aka miƙa wa Inna sai ta riƙe wayar nesa da kunnenta ta ce, "Lafiya lau. To madalla. Ga ƙanwarka." Shi ke nan. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Takardunsa na zama ba su kammala ba, in ya fito ba lalle ya iya komawa ba, sai ya zauna.

Wata Asabar da kaka muna ɓarar gyaɗa, ni da Inna da Goggo, sai saƙon murya ya shigo. Na ɗauka gaisuwa ce, na kunna na ajiye wayar a kan tabarma. Ba muryar Yaya ba ce. Muryar wani tsoho ce, mai rawa-rawa, yana rera waƙa shi kaɗai, babu kiɗa, babu tafi, babu 'yan amshi. Yana jan kalma ɗaya ya lanƙwasa ta sama da ƙasa kafin ya sake ta, sai ya yi shiru har ka zaci ya gama, sannan ya ɗora. Ko da ɗan Turancin da nake ji, ban kama kalma ko ɗaya ba.

Goggo ta yi dariya ta ce, "Wannan ciwon ciki yake yi ko waƙa?"

Inna ba ta yi dariya ba. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar gyaɗa. Da waƙar ta ƙare sai ta ce, "Wa ya tafi ya bar shi?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Sake kunnawa."

Da yamma Yaya ya kira na tambaye shi. Ya ce ɗaya daga cikin tsofaffin da yake kula da su ne, manomi ne a da, yana kiwon tumaki yana noman dankalin Turawa a wani ƙauye a bakin teku. Tsufa ya cinye masa tunani, ba ya gane 'ya'yansa, wani lokaci sai an tuna masa ya ci abinci. Amma waƙar nan ba ta ɓace masa ba, daga farko har ƙarshe. Ya ce ba da Turanci ba ce, da harshensu ce na asali, wanda ko a can ba kowa yake jin sa ba. Shi ma bai san abin da take cewa ba, daɗinta kawai ya ji ya turo mana.

Na juya na gaya wa Inna. Tana kallon gefe ta ce, "Ki ce masa ya tambayo. Waƙar mace ce wannan, ba ta namiji ba."

"Inna, ta yaya kika sani?"

"Ke dai ki ce ya tambayo."

Mako ya zagayo, Yaya ya kira da amsa. 'Yar tsohon, wadda take zuwa duba shi ranar Lahadi, ita ta yi masa bayani. Inna ta canka daidai. Maganar wata uwa ce da ɗanta ya shiga jirgin ruwa. A zamanin kakannin kakanninsu an yi wata muguwar yunwa a ƙasar, dankalin da suka dogara da shi ya ruɓe a cikin ƙasa shekara bayan shekara. Mutane suka mutu, waɗanda suka rage da ƙarfi suka riƙa tsallaka teku neman abinci. A lokacin wanda ya tafi ba a sa ran dawowarsa. Saboda haka kafin tafiyar sai dangi da maƙwabta su taru a gidansu kamar zaman makoki, alhali ga mutumin nan zaune a cikinsu da ransa. A ci, a yi kuka, a yi waƙa, da safe a raka shi har inda hanya ta karkata.

A cikin waƙar uwar ba ta roƙe shi ya zauna ba, don ta san babu abin da za ta ba shi. Tana dai lissafa abin da ya bari: shebur ɗinsa a jingine, saniyar da ta saba da hannunsa, gurbin da yake zama kusa da murhu. A baitin ƙarshe tana tsaye a kan tudu tana kallon teku, tana cewa idonta ya yi rauni, ba ta iya bambance jirgi da tsuntsu.

Ina maimaita wa Inna, ita kuma tana ta ɓarar gyaɗarta kamar ba da ita nake ba. Sai da na kai ƙarshe ta ce, "Wa ya ƙirƙire ta?"

Yaya ya ce nan ne ake gardama. Tsohon, a ranakun da hankalinsa yake dawowa, yakan rantse cewa wata maƙwabciyar kakar kakarsa ce ta yi ta, har yana kwatanta kangon gidanta. 'Yarsa kuma ta ce ƙauyuka da yawa a gefen tekun nan kowanne yana cewa tasa ce, kuma kowanne da baitin da ɗaya ba shi da shi. Babu wanda ya rubuta ta sai bayan da masu yin ta na farko suka daɗe a ƙasa.

Inna ta gyaɗa kai. Ta ce, "Haka ne. Mu ma da muna niƙa a dutse, wata za ta faro da abin da ke cin ranta, kafin damina ta zagayo kin ji ta a bakin matan wani gari, sun ƙara nasu. In kika ce taki ce a yi miki dariya." Ta zuba gyaɗar hannunta a ƙwarya. "Amma dai akwai wadda ta fara. Ita ta san wanda take nufi."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji Inna ta yi alhali Yaya yana kan waya yana saurare.

Daga ranar abin ya canza. Ina sauka daga acaɓa, kafin in cire mayafi, za ta ce, "Ya jikin tsohon nan?" In Yaya ya kira, ba ta miƙo wayar da sauri kamar da. Takan ce, "Tsohon yana cin abinci? Sanyin garin bai yi masa yawa ba? Ana samun rana ya ɗan sha?" Yaya kuma ya gane hanyar. Sai ya ce, "Yana ci, Inna. Sanyi akwai, amma muna da riguna masu kauri. Jiya ma mun ga rana." Ita ba ta taɓa tambayar su wane ne "mu" ba, shi ma bai taɓa fayyacewa ba. Ni da Goggo mukan haɗa ido mu kau da kai.

Wata rana Yaya ya turo bidiyo. 'Yar tsohon ce ta ɗauka, kuma ita ta ce a nuna wa matar nan ta Afirka mai tambayar babanta. Muka matsa inuwa don mu gani sosai. Wani ɗaki ne mai faɗi, tsofaffi zazzaune a kujeru, an rufa musu barguna a gwiwa. Tsohon ɗan siriri ne, gashinsa fari fat. Bai tashi tsaye ba, bai kalli kowa ba. Ya ɗan juya fuskarsa wajen bango, ya rufe ido, ya miƙa hannu gefe kamar mai laluben wani abu. Sai wani hannu baƙi ya shigo ya kama nasa. Da ya fara waƙar sai ya riƙa juya hannayen biyu a hankali, zagaye bayan zagaye, kamar mai tuƙa tuwo a ƙaramar tukunya. Yaya ya gaya mana daga baya cewa haka ake yi a garinsu tsohon. Mai waƙa yakan riƙe hannun wani na kusa da shi, don kada ya shiga cikin waƙar shi kaɗai. Tun da aka kawo shi gidan, hannun Yaya yake nema.

Babu wanda ya yi motsi a ɗakin. Tsakanin baiti da baiti wata tsohuwa takan faɗi wata gajeriyar kalma, irin yadda mu ma mukan ce "Allah ya ƙara lafiya" in mawaƙi ya taɓa mu. Da ya zo layin ƙarshe bai rera shi ba. Faɗarsa ya yi kawai da muryar magana, da sauri, ya saki hannun, ya buɗe ido yana kallon mutane kamar bai san su ba.

A lokacin ne mai ɗaukar ta ɗan karkata wayar, fuskar Yaya ta fito. Ya yi furfura a gemu, abin da ban lura da shi ba sai ranar.

Inna ta miƙo hannu da kanta ta karɓi wayar daga hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kawo ta kusa da ido, ta nisanta ta, ta sake kawowa. Ta daɗe. Sannan ta miƙo min ta ce, "Wai ba a ba su abinci ne a can? Duk ya zube."

Goggo ta ce, "Wa?"

Inna ta tashi ta nufi madafa. Daga can muka ji ta ce, "Tsohon mana."

Ban san lokacin da waƙar ta shiga bakinta ba. Matar wana na biyu, wadda suke gida ɗaya da Inna, ita ta fara gaya min cewa Inna tana gunguni da ita in tana shara ko tana kaɗa miya. Na yi mamaki, don tun rasuwar Baba ba a ƙara jin Inna ta rera komai ba. Da na ji da kunnena sai na tarar ta riga ta zama wani abu daban. Karin yana nan, amma Inna ta daidaita masa tafiya, ta sa masa irin taku na waƙar niƙa, yadda jiki zai iya bin sa gaba da baya. Goggo ta yi ta tsokanarta. "Ke da jikoki cike da gida, waƙar Turawa kike yi? Bari liman ya ji." Inna ta ce, "Wace kalma ta saɓo kika ji a ciki?" Goggo ta ce ai ba ta ji kalma ba ma sam. Inna ta ce, "To."

Kalmomin sun zo daga baya. Wata Asabar bayan la'asar, Goggo ta tafi barka maƙwabta, yara sun tafi makarantar allo, gidan ya rage daga ni sai ita. Ta idar da salla, ta zauna a kan buzunta ta ce, "Auta, abin nan naki yana ɗaukar murya ya kai can?"

Na ce yana kaiwa.

"To ɗauki, ki aika wa tsohon. Ya yi mana tasa, bai kamata mu yi shiru ba."

Ta juya min baya, ta fuskanci katanga. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, da farko tana sarƙewa, sannan ta miƙe. Ga abin da na riƙe daga ciki:

Mai tafiya, fartanyarka na jikin danga,
Ciyawa ta fito ta rufe mata baki.
Na share ƙofar ɗaki, na ce iska ce ta sa ni,
Na dafa da yawa, na ce mantuwa na yi.

Akwai baitin da ta yi a kan motocin da suke tsayawa a bakin titi ranar kasuwa, yadda kowacce take sauke 'ya'yan wasu. Layin ƙarshe ita ma ba ta rera ba, faɗarsa ta yi kamar yadda tsohon yake yi, sannan ta shafa fuska ta ce, "Kashe. Kuma kada ki bari Goggonki ta ji."

Na aika. Kwanaki suka wuce Yaya bai ce komai ba, har na fara tunanin ko bai shiga ba. Da ya kira, ina gidana a Bici, muryarsa a dushe. Ya ce a mota ya fara saurara bayan ya tashi daga aiki, kuma ya daɗe zaune a wurin ajiye motoci ya kasa tayar da ita. Ya ce, "Auta, rabona da jin Inna tana waƙa tun ina zuwa kai mata dawa bakin dutsen niƙa. Ko a lokacin, in ta hango ni sai ta yi shiru."

Na ce, "Ka kunna wa tsohon?"

Ya yi 'yar dariya. Ya ce ya kunna masa. Tsohon ya saurara ido a rufe, ya nemi hannunsa, ya riƙa juyawa har ta gama. Sannan ya ce matar nan ta iya, amma tana sauri, kuma ta tsallake baitin saniya.

Da na kai wa Inna wannan saƙon ta yi dariyar da har sai da ta share ido. Ta ce, "Ki ce masa mu ba mu da saniya. Akuya gare mu, ita kuma ba ta kewar kowa."

Tsohon ya rasu da sanyin wannan shekarar. Yaya ya je jana'izar a ƙauyensu, ya ce ya ga tekun, ya ga tudun da suke cewa a kansa matar ta tsaya, ko da yake 'yar ta raɗa masa cewa kowane ƙauye da nasa tudun. Bayan an binne shi aka taru a wani gida, 'yar ta yi waƙar. Ba ta iya ta kamar babanta ba, ta manta wani wuri, wani dattijo ya ɗora mata daga inda yake zaune.

Na rasa yadda zan gaya wa Inna, sai na faɗa mata kai tsaye. Ta yi salati. Ta tambaya ko ya sha wahala, na ce a barci ya tafi. Ta ce, "Allah sarki, bawan Allah." Washegari ta sa aka soya ƙosai aka raba wa yara, ba ta ce na mene ne ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Bayan haka kiran waya ya koma yadda yake da. Yaya ya gaishe ta, ta ce lafiya lau, ta yi jim kamar akwai sauran magana, sannan ta miƙo min. Ina tsakaninsu da waya a hannu, ina jin nauyin abin da kowannensu ya riƙe, amma ba hurumina ba ne in faɗa musu. Waƙar ma ta daina yi, sai dai matar wana ta ce wani lokaci takan faro ta tsaya.

Ana gab da faɗuwar damina, wata Asabar na shirya zan koma, mai acaɓa yana jira a ƙofar zaure. Inna ta rako ni har bakin rumbu, ta gyara min ɗaurin ƙullin kuka da daddawar da ta ba ni. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Ki tambayi yayanki, duk gidan da yake aikin nan babu wani tsoho mai waƙa?"

Na tambaye shi a daren da na koma. Ya ce akwai wata tsohuwa, amma ita zagi ta iya. Muka yi dariya mu biyu, dariyar da ba ta yi nisa ba. Ya ce, "Ki gaya mata ina nema." Ya kuma ce lauyan da yake bin maganar takardunsa ya ba shi ƙwarin gwiwa, wataƙila bayan kaka ya sami zuwa, amma kada in faɗa wa kowa tukuna, don an sha sa masa rai.

Ban faɗa ba. Sai dai da na je makon da ya biyo baya na tarar an kwaɓa ƙasa a bayan gida, magini yana kan tsani yana yaɓe ɗakin da ke kusa da zaure, ɗakin Yaya na da, wanda aka daɗe ana zuba buhunan gyaɗa a ciki. An fitar da buhunan an jera a rumfa. Na tambayi Inna me ya faru. Ta ce ruwa ya kusa, bangon ya tsage, ba ta so ya faɗo wa yara. Na zagaya na duba bangon, ban ga tsaga ba, amma na ɗauki tsintsiya na taya ta share ciki.